Ƙwallon da Ya Faɗa Kududdufi

An cuce ni a wasan kurket, a gaban jama'a, ido na ganin ido, kuma har in koma ga Allah ba zan manta ba. Wanda ya cuce ni malamin makaranta ne, yana nan da ransa.

Lokacin Turawa ba su tafi ba. Ni na ɗan taɓa makarantar midil, ban gama ba aka mayar da ni gida dukanci. Turancin duk ya zube, kurket ɗin kaɗai na tsira da shi. Mukan yi a wani fili bayan Ƙofar Ɗan Agundi in an sauko daga la'asar: a kafa sanduna uku, ɗaya ya jefo ƙwallo, ɗaya ya tsaya da katako ya make shi. A gefen filin akwai kududdufi, kuma dokarmu tun farko ita ce duk wanda ya make ƙwallo har ya faɗa ruwan ya ci maki shida. Ba wanda ya taɓa iyawa, shi ya sa ba wanda ya taɓa ƙin dokar.

Ranar da za a zaɓi waɗanda za su kara da ma'aikatan jirgin ƙasa, gurbi ɗaya ya rage, tsakanina da wani dogo, ƙanin matar malamin. Malamin kuwa shi ne alƙalin wasa. Ni har na sa tela ya ɗinka min farin wando.

Dogon ya jefo, na make. Ƙwallo ya tashi, ya tsallake kan wani mai rake da ke gefen filin, ya faɗa tsakiyar ruwa tsundum, agwagi suka watse. Ina tsaye ina jiran tafi, sai na ga malam ya ɗaga yatsa, alamar na fita.

Na ce, "Malam, lafiya?"

Ya ce, "An sake doka a Ingila. Wanda ya ɓatar da ƙwallo ya fita."

"Tun yaushe?"

"Kwanan nan."

'Yan kallo suka rabu biyu. Wani tsoho mai goro, wanda bai san ma ta ina ake riƙe katakon ba, ya ce doka doka ce, in Bature ya sake to an sake. Mai rake ya ce, "Baba, a Ingilan ma kududdufi gare su?" Wani ɗan Jakara ya ce ai malam na da gaskiya, ƙwallo ɗaya gare mu, in kowa zai riƙa yi masa wanka wasa ya tashi. Na ce ƙwallon nan ni na ɗinka shi da jar fatar akuya, in ya ɓace nawa ne ya ɓace. Ba wanda ya saurare ni. Ƙarshenta ni aka tura in tsamo shi, na fito da laka har cinya, ana yi min sannu.

Dogon ya je wasan da aka yi da ma'aikatan jirgin ƙasa, a jifan farko aka fitar da shi. Farin wandon kuwa da shi na yi ta zuwa Juma'a har ya mutu.

Bayan shekaru muka haɗu da malamin a wani suna a Dukawuya, ya yi furfura. Ya kama hannuna yana dariya, ya ce, "Sarkin dukawa, har yanzu zancen ƙwallon nan? Wasa ne fa."

Na ce, "Malam, ai ka koya min abin da midil ba ta koya min ba: kafin mutum ya ɗauki katako, ya fara tambaya 'yar gidan wa alƙali yake aure. Doka kuwa in za a sake ta, a sake tun ƙwallo yana hannu, ba sai ya tashi sama ba. Wasa ne, na yarda. To, ba ni shidana."