Waƙoƙin da Na Kulle a Kabad

Shekara goma sha ɗaya na yi ina riƙe da makullin ƙaramin ɗakin da ke bayan laburaren kwalejinmu, nan kusa da Kafanchan. A takarda sunansa sashen ajiya na musamman, amma ɗalibai "ɗakin Madam" suke ce masa, kuma ba don ƙauna ba. Ni ma ban nemi su so ni ba. A nan tsofaffin rajistoci suke, da wasiƙun 'yan mishan, da littattafan da babu na biyunsu a ko'ina. Ga gara, ga danshin damina, ga ɓeraye, ga kuma ɗaliban da ke yage shafi su cusa a aljihu don ƙyuyar kwafa. Sai na kafa doka guda, na rubuta da manyan baƙaƙe na manna a ƙofa: abin da ya shiga ɗakin nan ba ya fita.

Wata Talata wani tsoho ya zo, malamin firamare mai ritaya daga wani ƙauye a gefen Fadan Kagoma, sanye da kwat ɗin da ta yi masa yawa. Ya ɗora leda a teburina. Cikin ledar akwai zane, cikin zanen littattafan rubutu huɗu masu bango mai tauri. Waƙoƙin mutanensu ne a yarensu, na niƙa, na yankan acca, na lallashin jariri. Ya ce tun yana saurayi yake bin tsofaffin mata yana rubutawa, yanzu kuwa duk sun mutu.

"Yarinya na," ya ce, "ruwa yana shiga ɗaki na. Ki ajiye mini su."

Ni 'yar Zonkwa ce, ko kalma ɗaya ba na ji a yarensu, amma da na buɗe shafin farko sai murna ta kama ni. Na ba su lamba, na shigar da su rajista, na miƙa masa fom ya sa hannu. Na ga bai karanta ba, ban kuma ce ya karanta ba. Na sa su a kabad ɗin ƙarfe da kafur a gefe. Daga ranar, duk baƙon da ya shigo sai na buɗe kabad ɗin na nuna masa su daga nesa, ina hura hanci kamar ni na rubuta.

Bayan shekara biyu tsohon ya dawo, ya rame, yana dogara sanda. Ya ce matan zumunta na cocinsu sun matsa masa ya koya musu waƙoƙin yankan acca kafin sujadar godiya ta kaka. Littafi na uku yake so, na sati biyu kawai.

Na nuna masa takardar da ke ƙofa.

"Amma nawa ne," ya ce.

"Na kwaleji ne yanzu, Baba. Ga sa hannunku nan."

Na ce ya zauna ya kwafa a gabana. Ya ce idonsa ba ya kai shi ko'ina, balle hannu. Injin fotokofinmu ya lalace a lokacin, kai littafin shago a cikin gari kuwa fita ce, ni kuma na riga na ce ba ya fita. Da na ari wayar wani na ɗauki hotunan shafukan, da an gama magana a ranar. Ko kaɗan hakan bai zo mini ba, domin hankalina duk yana kan nuna masa ni ce da gaskiya. Na yi masa alkawari da zarar an gyara injin zan kwafa na aika masa. Ya ce, "To, Allah ya kai mu." Ya ajiye mini ƙullin citta a kan tebur, ya fita a hankali.

Alkawarin nan bai bar ni na sake ba, amma kuma ban cika shi ba. An gyara injin, babu tawada. Aka kawo tawada, muka shiga yajin aiki. Muka dawo, sai ga masu duba makarantu za su zo, muka yi wata guda muna goge kantoci da jera littattafan da babu mai karantawa. Kullum na wuce gaban kabad ɗin sai na ji wani abu ya soke ni, na ce gobe. Kaka ta zo ta wuce, wata damina ta sauka.

Wata Alhamis da rana wata mata ta tsaya a ƙofar ɗakin, ta ce ita 'yarsa ce.

"Madam, Baba ya rasu. Asabar za a binne shi. Mama da matan zumunta suna so su yi waƙoƙinsa a wurin jana'iza. Sun ce littafin yana wurin ki."

Na ce ta ba ni zuwa gobe. Babu mai ikon sa hannu a fitar da kaya daga ɗakin sai shugaban laburare, shi kuma yana Kaduna wurin taro, wayarsa ba ta shiga. Na kasa zama. Na buɗe kabad, na rufe. Na je ofishinsa har sau uku, alhali na san ba ya nan. Na dawo na zauna, na tashi, na yi wa wata ɗaliba tsawa a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Haushin kaina nake ji, ina neman wanda zan sauke wa.

Juma'a da safe na ɗauki littattafan duka huɗun na zuba a jaka, ba tare da sa hannun kowa ba. Na wuce ta gaban mai gadi ina jin kamar ɓarauniya. Na shiga mota, da na sauka a bakin titin ƙauyen na hau mashin. Aka fara yayyafi, na tura jakar ƙarƙashin rigata na rungume, ina ta ce wa mai mashin ya yi sauri, ina kuma ce masa ya yi a hankali.

Na tarar da matan zumunta a coci, sun ɗaura zane iri ɗaya, ga ganga ga tulun kiɗa. Matar marigayin na zaune a benci na gaba. Na durƙusa na yi mata gaisuwa, na miƙa mata jakar. Raina ya yi sanyi, na ce a zuciyata ko ba komai na iso a kan lokaci.

Wata malamar makaranta da ta iya karanta yaren ta buɗe littafi na uku, ta karanta baiti na farko da ƙarfi. Matan suna jira. Mai tulu ta ɗora hannu a bakin tulun. Wata ta gwada rerawa, wata tsohuwa ta girgiza kai ta ce ba haka ba ne. Aka tambaye ta yaya ne, ta ce ita ma ba ta sani ba, ta dai san ba haka ba ne. Malamar ta juya shafi, ta sake juyawa. Kalmomi ne kawai daga farko har ƙarshe, babu wata alama da ke nuna yadda ake rera su.

Matar marigayin ta yafito ni da hannu, na matsa kusa.

"Yarinya na, kin yi ƙoƙari, kin sha ruwan sama. Amma muryan yana bakin shi ne. Da ya tsufa, kalmomin ya gudu daga kan shi. Sai ya ga rubutun kafin waƙan ya zo. Duk ranar kasuwa yana tambaya ko wani ya kawo saƙo daga kwaleji."

Kunya ta rufe ni, na so a ce ta zage ni, amma ba ta yi ba. Bayanmu matan suka buɗe littafin waƙoƙin coci na Hausa, suka fara zaɓen waɗanda za su yi gobe.

Ta tattara littattafan huɗu, ta daidaita gefensu a kan cinyarta, ta mayar cikin jakar da kanta.

"Ki koma da su wurin ki," ta ce. "Mu nan babu abin da za mu yi da su kuma."

Na sa hannu biyu na karɓa.