Tsagar da Aulis Ya Yi wa Bangon Ɗansa

Shekara ashirin da biyu na yi ina aikin kafinta tare da Aulis Kemppainen, kuma ban taɓa jin ya yabi aikin kowa ba, har da nawa. A ƙauyenmu da ke arewa da garin Kajaani, da wuya ka sami gidan katako da ba ƙusarsa a jiki. Don hannunsa ake kiransa aiki, bakinsa kuwa sai dai a jure.

Waɗanda suka san shi da ƙuruciya sun ce ba haka ya taso ba. Wajen mahaifinsa ya koyi cika bango da garin katako, a daddanna shi da sanda don ya tare sanyi. Da ya yi aure sai ya so ya burge matarsa Aune da gidan zamani. Ya sa audugar gilas mai tare sanyi a bango, ya lulluɓe ta da leda daga ciki, yadda ake yayi a lokacin, ba tare da an yi wa gidan hanyar sauya iska ta kirki ba. Bayan shekara goma sha huɗu Aune ta kama wani tari da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ranar da Aulis ya ɓalle katako ɗaya a ɗakin kwana, ya tarar da bayansa baƙi ƙirin da funfuna, ginshiƙin yana marmashewa a hannu. Ya rushe bangon kaf ya mayar da garin katako, amma huhun Aune bai koma daidai ba. Ta rasu ɗansu Tapani yana shekarar ƙarshe a sakandare. Likitoci ba su ce gidan ne ya kashe ta ba, shi ma bai tambaye su ba, domin ya riga ya yanke hukuncinsa. Tun daga nan ko ledar burodi ya gani sai ya ɗaure fuska.

Aulis na da shekara saba'in da huɗu Tapani ya dawo gida da matarsa Kaisu, wadda ta karanci aikin gini a birnin Oulu. Suka ce za su yi gida a ɗaya gefen gonar. Kaisu ce ta zana shi: bango mai kaurin kamu ɗaya, tagogi masu gilashi uku-uku, leda a ciki wadda ko numfashin sauro ba zai ratsa ba, sai na'urar da za ta riƙa fitar da tsohuwar iska tana shigo da sabuwa ba tare da ɗumin ya bi ta ba. Ta ce rubu'in wutar da maƙwabta ke ƙonawa zai ishe su hunturu guda.

Ina wurin ranar da ta shimfiɗa zanen a teburin Aulis. Bai ko kalla ba, ya sauke tukunyar dankali daga murhu ya ɗora a kai.

"Injiniya," in ji shi, "kin taɓa riƙe guduma kuwa, ko ita ma a takarda kike zana ta?"

"Na taɓa, Aulis. Na kuma ga rufinka a watan Janairu, ƙanƙara na reto kamar haƙoran kerkeci. Shekara nawa ke nan kana saran itace kana ɗumama wa hankaki sararin sama?"

Tapani ya sunkuyar da kai yana ɓare dankali. Mutum ne mai gudun rigima tun yana ƙarami. Shi ya yi ta lallashin uban ya kafa musu gidan, tunda ba wanda ya fi shi. Na zaci Aulis zai ƙi, sai ga shi ya yarda, har ya aiko a kira ni, duk da na riga na ajiye aiki.

Da rani muka tayar da ginshiƙai da rufi, ba ranar da ba a yi cacar baki ba. In Kaisu ta ce a auna, Aulis ya ce idonsa ya auna. In ya ce a tashi shan kofi, ta ce akwai sauran aiki. A watan Satumba aka cusa auduga, Kaisu ta bi ledar da kanta tana liƙe kowace mahaɗa, a durƙushe, har gwiwoyinta suka kumbura. Ta gargaɗe mu kada ƙusa ɗaya ta huda ta inda ba a tsara ba. Daga nan ta koma wurin aikinta ta bar mana rufe bangon ciki.

A kwana na uku, da tsakar rana, na shigo ɗaukar awo na tarar da Aulis tsaye da wuƙarsa. Kafin ya ɗora kowane katako sai ya tsaga ledar, tsawon taƙi guda, sannan ya rufe. Na ce masa wannan ba daidai ba ne, gidan mutane ne.

"Gidan ɗana ne, Reino. Kai dai yanko katako. In kuma bakinka na ƙaiƙayi, je ka gaya mata."

Ban gaya mata ba. Na saba bin maganarsa, kuma a raina na ce wataƙila ya fi ni sani. Har yau abin na cina.

A tsakiyar Oktoba mai gwajin gini ya zo. Ya toshe ƙofar gaba da wata babbar fanka mai zuƙe iskar gida, ya kunna, ya dubi na'urarsa, ya kashe, ya sake kunnawa. Ya ce ko dai an bar taga a buɗe, ko kuma akwai matsala. Aka duba, duk a rufe suke. Sai ya kunna ɗan abin hayaƙi yana bin bango da shi. Duk inda ya kai, a gindin bango, a bakin makunnin fitila, sai iska ta huro ta watsa hayaƙin. Kaisu ta ɗauko ƙarfe ta ɓalle katako ɗaya, ta ɓalle na biyu. Ga tsagar nan a jere, tsawonsu ɗaya, tazararsu ɗaya. Ko makaho ya shafa ya san hannun gwani ne.

Tapani ya ce, "Baba, kai ne?"

"Ni ne. Gida sai ya yi numfashi. Na binne mace ɗaya saboda leda, ba zan binne ta biyu ba, ko da ba na ƙaunarta."

Kaisu ba ta ɗaga murya ba. Ta ce masa ta irin wannan tsagar ce tururin girki da na wanka ke shiga bango, ya tarar da sanyi ya zama ruwa, ya ruɓar da katako. Ta ce abin da ya ci gidansa na farko ke nan, leda mai ɓula da rashin hanyar iska, kuma shi ne yanzu ya shuka musu da wuƙarsa. Aulis ya ce ba a haife ta ba lokacin da ya yi jinyar Aune, don haka ta cire sunan gidan nan daga bakinta. Ta nuna masa ƙofa. Ya tattara kayan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, bai yi gaggawa ba, ya ratsa gona ya tafi. Sannan ta juyo ta tambaye ni ko na sani. Na ce na sani. Ni ma ta nuna mini ƙofar.

Mako biyar suka yi suna ɓalle bango suna sake leda, ita da Tapani, dusar ƙanƙara ta riske su a kai. Da aka sake gwaji gidan ya ci jarrabawar. Shekara guda Kaisu ba ta amsa gaisuwata ba.

Shi kuwa Aulis shekara uku bai taka gidan ba. Ya raɗa masa suna filas. A kanti yake gaya wa duk mai saurare cewa kafin shekara biyar za a ji su suna tari. Kaisu ta sa abin auna laima a cikin bango, duk kaka sai ta rubuta sakamakon ta jefa masa a akwatin wasiƙa. Da takardar yake hura murhu, kuma yakan tabbatar Tapani ya gani.

A hunturu na huɗu santsi ya kwashe shi a bakin rumbun itace, ƙashin kwankwasonsa ya karye. Asibiti suka ce ba za su sallame shi zuwa gidan da sai ya ɗebo itace ba. Dole Tapani ya kai shi filas. Mako bakwai ya yi a can. Kullum da safe sai ya ja jiki ya buɗe taga, ana sanyin da ke daskarar da gashin hanci. Kaisu ta rufe, ya sake buɗewa. Da ta gaji ta kwance hannun tagar ta sa a aljihu. Shi kuma ya koma tokare ƙofar baya da sandarsa.

Na je duba shi sau ɗaya. Na same shi zaune da 'yar shara, ba ko safa a ƙafarsa, abin da ban taɓa gani ba a watan Fabrairu. Na ce da alama ɗumi ya karɓe shi. Ya ce gawa ma ba ta jin sanyi, in kuma na zo yi wa Injiniya kamfe ne, ga hanya nan.

Ranar da ya iya taka ƙafa ya koma gidansa. Bai yi sallama da Kaisu ba, ita ma ba ta fito ba. Bayan shekara ɗaya da rabi zuciyarsa ta tsaya yana gyaran kwalekwale a bakin tafki. A wasiyyarsa ya bar wa Tapani gidan, ya ƙara layi ɗaya da hannunsa cewa kada matar ɗansa ta taɓa bangon. Da aka karanta mata, Kaisu ta ce dama ba ta da niyya. Ta zo jana'iza, ta tsaya a sahun baya, ta tafi kafin a zuba wa masu makoki kofi.