Yadda Muka Kai Ragon Inna Zariya a Jirgin Ƙasa

Dogo-Dogo zuwa Gagarawa

Ana idar da sallar asuba muka ɗaura wa jaki kaya, ni da Inna mahaifiyata da ƙaton ragonta. Zamanin Faransi ne, da kakar gyaɗa. Wani ɗan kasuwa ya zo mana da albishir cewa matar ƙanena Habu, mai aikin jima a Zariya, ta haifi namiji bayan shekaru suna nema. Labarin ya iso a makare, suna ya matso. Na ce Inna ta zauna in tafi ni kaɗai.

"Da hannuna na yi kiwon ragon nan," in ji ta, "da hannuna zan miƙa shi."

A bakin iyaka wani gardi mai tsaron iyakar ya tare mu, ya duba lasifasenmu, wato takardun izinin wucewa. "Ina zuwa, tsohuwa?"

"Jirgin ƙasa zan hau!"

Ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ba mu hanya. A Maigatari muka bar jaki wajen wani ɗan uwanmu, muka hau motar gyaɗa, mu da rago a kan buhuna. Muka wuce Gumel da azahar, muka sauka Gagarawa da la'asar. Wani mahauci ya ba mu masauki, matarsa ta kawo mana tuwon dawa da miyar kuka.

Gagarawa zuwa Kano

Da hantsi muka hango hayaƙi daga gabas, sannan ƙasa ta soma rawa ƙarƙashin ƙafafunmu. Jirgin Nguru ke nan. Wallahi jama'a, ban taɓa ganin abu mai tsawonsa yana tafiya ba! Inna ta damƙe rigata tana salati. Aka kai rago taragon dabbobi can baya, mu kuwa muka samu bencin katako kusa da taga. Taragon Turawa yana gaba, da labule.

Jirgi ya yi kuwwa, ya ja. Itatuwa suka riƙa gudu baya. A Taura da Ringim 'yan talla suna miƙo fura da dafaffen ƙwai ta taga. Kafin mu kai Jogana, Inna ta saki jiki, har tana raba wa 'yan tarago ƙuli-ƙuli.

Tashar Kano

Nan za mu sake jirgi, mu hau na kudu. Mutane kamar ranar idi, ga Yarbawa, ga Nufawa, ga buhunan gyaɗa an jibge kamar duwatsu. Na zaunar da Inna kan kayanmu, na tafi yankar tikiti. Na dawo, ga kaya, babu Inna.

Jirgin Zariya ya yi kuwwar farko. In ya tafi, ba wani sai bayan suna. Na bi taragai ina leƙe, gumi yana zuba. Wata mai sayar da goro ta ce, "Malam, tsohuwa mai baƙin zane? Ta yi baya tana kiran wani Ɗanfari."

Sunan ragon ke nan. Na sheƙa. Na iske ta cikin taragon dabbobi, ta kwance shi, tana ja yana turjewa.

"Inna, jirgi zai tafi!"

"To ɗauke shi mana, tsayuwar me kake?"

Na saɓa shi a kafaɗa, muka keta taro. Na jefa shi wajen ma'aikacin taragon kaya, jirgi ya fara motsi. Wata Bayarabiya ta miƙo hannu ta fizgo Inna ciki, ni kuma na yi tsalle da ƙunshin kaya. Tarago duka ya ɗauki shewa.

Zariya

Muka haye gadar Challawa, muka wuce Madobi, muka shiga Zariya da almuru, gobe suna. Habu bai san muna tafe ba. Da ya ga Inna a ƙofar gida, sai ya durƙusa ya gaishe ta. Da safe aka yanka rago, aka raɗa wa yaro sunan marigayi mahaifinmu. Inna ta karɓe shi, ta daɗe tana dubansa, hawaye na bin kumatunta. Ta ce, "Maigida, ashe nan ka ɓuya."

Komawa gida

Bayan mako muka biyo hanyarmu, muka iso Dogo-Dogo lafiya. Matan unguwa suka cika tsakar gida, Inna ta miƙe tana gwada masu kukan jirgi, yara suna faɗuwa don dariya. Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Bayarabiyar nan kuwa, ko sunanta ban samu tambaya ba. Allah ya saka mata da alheri duk inda take.