Faifan da Na Sa wa Kwamfutar Ofis

Shekara goma sha ɗaya na yi ina gadin daji a wajajen Tabanni kafin gwiwata ta lalace aka dawo da ni ofis a Birnin Gwari. Aji biyu na yi a sakandare aka cire ni, kuma masu digirin wurin ba su taɓa barina na manta ba.

Kwamfuta ɗaya ce a ofis ɗin, mu uku muke taɓa ta: oga, da ni, da Madam, taifis ɗinmu, 'yar Gbagyi daga Kazage, wadda ta tsufa a kan tafireta kafin a kawo injin. Kowa da sunansa a allo, kowa da kalmar sirrinsa. Ni a tunanina, in na shiga da sunana, ɗakina na shiga, abin da na ajiye ba ruwan kowa.

Wata rana wani direba ya kawo mini faifai daga Kaduna, wai maganin cutar kwamfuta ne mai ƙarfi. Na so in burge. Ban tambayi kowa ba na zura shi. Ashe akwai wani maganin a ciki tuntuni. Da safe Madam ta shiga da sunanta, injin ya tsaya cak, ko kibiyar da ke kan allo ba ta motsi. A ɓangarenta kuwa rahoton iyakokin daji yake, aikin wata uku, jibi manya za su zo karɓa. Oga ya riga ya faɗa: wanda ya ɓata injin nan, daji zai koma. Da wannan gwiwar, komawa daji sallama ce.

Madam ta dube ni ta saman tabarau.

"Malam, me ka ba ta ta ci?"

"A ɗakina fa na sa, Madam."

"Ɗakinka? Ɗakuna ne daban-daban, amma tsakar gidan ɗaya ce. Kare biyu ka ɗaure a ƙofa ɗaya, sun bar ɓarawo suna cizon juna."

Ta ɗauko wani tsohon littafin makaranta inda take rubuta duk abin da ta ga masu gyara suna yi, da hannunta, rabi Hausa rabi Turanci. Ta kashe injin, ta kunna tana danna maɓalli ɗaya a kai a kai har allon ya fito da manyan haruffa marasa kyau. Wuta ta ɗauke sau biyu, ta sake daga farko, ko tsaki ba ta yi ba. Ni ina tsaye ina kallo. Wajen azahar ta tumɓuke abin da na shuka, rahoton ya buɗe, ko layi ɗaya bai ɓace ba.

Daga baya da aka ƙaro kwamfutoci, na ga yaran da suka yi jami'a suna zagin injin in ya ƙi, suna dukan tebur. Matar nan sauraronsa take yi, yadda muke sauraron daji kafin mu shiga. Su aka yi ta ƙara wa girma, ita ta yi ritaya a kan kujerar da na same ta. Abin yana cina har yau.

Oga ya leƙo da la'asar.

"Na ji an ce ta ƙi tashi. Wa ya taɓa ta?"

Madam ba ta ɗago daga bugun da take yi ba.

"Ga ta tana aiki, ranka ya daɗe. In rahoto kake so, yanzu zan fitar."

Ya karɓi takardunsa ya fita. Sai da ƙarar babur ɗinsa ta yi nisa ta juyo.

"Na rage maka iko a ciki. Daga yau rubutu kawai za ka iya, ba sa wani abu."

"Haba Madam, kamar ƙaramin yaro?"

"Ko ka fi son Tabanni?"

Na ja kujerata na zauna.