Soyayyen Burodin Nana

Cikin duk ranakun da na yi a aikin nan, akwai wata safiya da ko na so in manta da ita ba ta yarda. Tun da kun ce sai na ba ku labari ɗaya kafin in ajiye aiki, to ita zan ba ku. Ku gyara zama. In kun ji muryata ta tashi ku yi haƙuri, don har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Lokacin ina babbar jami'ar lafiyar al'umma a ɗan asibitin nan namu na Samaru, ni ke riƙe da awon yara. Ga waɗanda ba su san aikin ba, kowace Laraba iyaye mata suna kawo 'ya'yansu, mu ɗora su a sikeli, sannan mu zagaya musu wani ɗan tef mai launi uku a dantse. In ya tsaya a kore, lafiya lau. In rawaya ne, yaro ya fara ramewa, sai a yi wa uwa nasiha kan abinci. In ja ne, tamowa ta kama shi da gaske, nan ne ake ba da ƙunshin gyaɗar nan na magani, ko a tura shi babban asibiti. Ɗan rawaya ba shi da komai a wajenmu sai fatar baki. Maganinsa yana cikin tukunyar gidansu.

A daminar da ta biyo bayan kullen korona, wata yarinya mai suna Sakina ta kawo min 'yarta Nana, 'yar shekara ɗaya da rabi. Ta tashi daga ƙyanda ke nan, ta ƙi tuwo, ta ƙi shinkafa, koko ma sai an yi dambe. Tef ya tsaya a rawaya, can dab da ja. Na tambayi uwar sana'ar maigidanta.

Ta ce, "Ƙwai yake sari, Anti. Yana da rumfa a kasuwar Sabon Gari."

Na yi dariya na ce, "To ai kin gama, Sakina! Magani yana ɗakinki kika biyo ni nan?"

Sai ta sunkuyar da kai. Da na matsa mata, ta ce Hajiya, uwar mijinta, ba ta yarda a ba yaro ƙwai a gidan.

Ban yi mamaki ba. Ni 'yar ƙauye ce ta wajen Giwa, kuma kakata da ba ta taɓa leƙa coci ko masallaci ba, ita ma haka take cewa: yaron da ya saba da ƙwai, kwaɗayi zai kai shi akurkin maƙwabta, daga nan sai sata. Maganar nan ba ruwanta da addini, kowane gida za ka iya tsintar ta. Na san kuma in na ce Sakina ta je ta yi wa surukarta lacca, igiyar aurenta zan ja mata kawai.

Sai na tuna wani abu da na gani wajen wata ɗaliba 'yar jami'a da ta taɓa kama haya a gidanmu. Su suna ce masa faranshi tos, ni kuwa soyayyen burodi nake ce masa. Na ja Sakina ɗan kicin ɗinmu na baya, na kunna risho. Na fasa ƙwai a kwano, na zuba madarar gari da ɗan ruwa, sukari kaɗan, gishiri ɗan mitsitsi, na kaɗa sosai. Na yanka burodi da kauri. Na ce mata burodin jiya ya fi, don sabo da ya sha ruwa sai ya dagargaje a hannu. Na tsoma, na juya, na bar shi ya sha har ciki, sannan na ɗora a kasko da mai kaɗan. Na ja kunnenta kan wuta: kaɗan-kaɗan, in ba haka ba baya ya ƙone ciki ɗanye.

Da ya yi ja na bari ya huce, na gutsuro na sa wa Nana a baki. Ta tsaya kamar za ta tofar. Sai ta haɗiye, ta buɗe baki da kanta. Sakina ta fashe da kuka.

Na ce, "Share hawayenki. Kin ga ƙwai a nan?"

Ta duba ta ce, "A'a, Anti."

"To Hajiya ma ba za ta gani ba. Burodi kika soya wa 'yarki, shi ke nan. Fasassun ƙwan da mijinki ke dawowa da su gida sun ishe ki, in dai na ranar ne kuma kin soya ya dahu."

Da ta dawo awo na gaba, sikeli ya ɗan motsa sama, har na yi wa Nana rawa a gaban mutane. Na bayansa kuwa sai ya koma ƙasa. Wanda ya biyo shi ma ƙasa. Na tsare Sakina da ido na ce ta faɗa min gaskiya, ta daina yi ne?

Ta ce, "Wallahi tallahi, Anti, kullum sai na soya."

Na san mai ƙarya in na gan ta, wannan ba ita ba ce. Amma ta ƙi ƙara ko kalma ɗaya. Sai na je wajen shugabarmu ta lokacin, Sista Hajara, na nemi izinin bibiyar gida. Ƙa'ida ce: ba ka zuwa gidan mutum da sunan asibiti sai shugaba ta sani, ka je da kayan aikinka a jiki, ka yi sallama, ka duba, ka ba da shawara, ka fito. Ta ce in je.

Washegari da sassafe, kafin lokacin aiki, na hau keke mai ƙafa uku zuwa Hayin Dogo. A ƙofar gida na tarar da maigidan, Malam Auwalu, a kan benci shi da abokansa biyu, ga filas ɗin shayi ga kofuna, da alama wani abu suke jira. Ya tarbe ni da fara'a, har da "Sannu da zuwa, likita." Na shiga zaure. Jama'a, kiret-kiret ɗin ƙwai ne a jere har kafaɗata, sai da na karkace na wuce. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa!

Tun daga zauren ƙamshi ya buge ni. A tsakar gida Sakina tana durƙushe gaban kasko, tana soyawa, kuma wallahi nata ya fi nawa kyau. Duk wanda ta sauke sai ta sa a kula ta rufe. Nana tana kan tabarma da kofin koko a gabanta ya huce. Ba ta kuka. Ido kawai ta zuba wa kaskon, ta miƙa ɗan hannunta. Can gindin bango Hajiya na zaune da carbi, muka gaisa.

Na durƙusa kusa da Sakina na ce, "Na wa ne wannan?"

Cikin raɗa ta ba ni labari. Kwanakin farko komai lafiya. Wata safiya maigidan ya ji ƙamshi ya ɗanɗana, ya ji daɗi, ya tambaye ta yadda ake yi, ita kuma ba ta iya yi wa mijinta ƙarya ba. Shi kuma don murna ya kai wa uwarsa, yana cewa ta ga abin da ake yi da fasassun ƙwan da a da ake asararsu. Hajiya ta ce au, ashe ƙwai ake ɗura wa jikarta a ɓoye? Daga ranar aka hana Nana. Amma ba a hana soyawa ba. Abin ya zama karin kumallon maigida da abokansa.

Ku da kuka tashi a nan kun san kular maigida ba a buɗe ta, ko matarsa in ta rufe ta rufe ke nan. Ni ma na sani. Na buɗe ta. Na ɗauki na sama mai zafi, na hura, na zauna a tabarma na ɗora Nana a cinyata. Yarinyar nan da hannu biyu ta cafke, tana ci tana kallon kakarta.

Hajiya ta yar da carbi a cinya. "Ke! Ke 'yar nan! Wa ya aiko ki? Za ki mayar min da jika ɓarauniya ina zaune?"

Na ce, "Hajiya, ku yi haƙuri, ku dubi wuyanta. Ku dubi hannunta. Yarinyar nan narkewa take."

"Haƙori ne. Na raini ubanta da 'yan'uwansa duka ba ƙwai, wa ya mutu?"

Hayaniya ta shigo da Malam Auwalu. Ya ga kula a buɗe, ya ga uwarsa a tsaye tana huci, fara'ar nan duk ta gudu.

Ya ce, "Malama, aikinki a asibiti yake. Nan gidana ne, kuma abin da Hajiya ta ce shi za a yi."

Ƙato ne, kumatu sun fito, leɓe yana ƙyalli. Na dube shi na dubi abin da ke cinyata, sai na ji kaina ya yi zafi.

Na ce, "Malam Auwalu, tsoro ake kada ta girma ta ɗauki abin wani, ko? To abincin nan don ita na koyar, ba don kai da 'yan benci ba. Yau a gidan nan wa ya ɗauke na wani?"

Abokan nasa suna zaure, sun ji komai. Ya nuna min ƙofa, na ajiye Nana na fita. Kafin in kai zaure na ji ta fasa kuka, an karɓe ragowar ke nan.

Ban kai ga fara aiki ba Malam Auwalu ya iso asibiti da wakilin mai unguwa. Sista Hajara ta kira ni ofis bayan sun tafi.

Ta ce, "Rahila, kin kira mutum ɓarawo a gidansa, gaban uwarsa."

Na ce, "Ban kira shi ba, Sista. Tambaya na yi."

"Kada ki maida ni yarinya. In mazan unguwar nan suka haɗa baki suka hana matansu zuwa riga-kafi, ke za ki bi gida-gida? Gobe ki je ki ba shi haƙuri. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne."

Tana da gaskiyarta, ban ce ba ta da ita ba. Amma duk zaman da aka yi a ofishin nan, da shi da wakili da ita, ba wanda ya tambayi nauyin Nana. Mutuncin ƙato ake ta aunawa.

Na je. Na shiga kasuwar Sabon Gari cikin caɓi, na nemi layin masu ƙwai, na tsaya gaban rumfarsa ina ba shi haƙuri, maƙwabtansa suna miƙo wuya. Ya ce ya wuce. Ƙarya yake, bai wuce ba. Daga ranar Sakina ba ta sake zuwa awo ba, ni kuma aka ce kada in ƙara taka gidan. An tura wata ƙaramar ma'aikaciya sau biyu, ana ce mata sun yi tafiya.

Sai wajen ƙarshen damina, wata Litinin da safe, ba ma ranar awo ba, na ɗaga kai na ga Malam Auwalu a bakin ƙofata. Shi da kansa ya rungumo Nana a cikin tawul. Sakina na bayansa, Hajiya na bayanta tana jan ƙafa. Na buɗe tawul ɗin. Ƙafafu sun kumbura, na danna da yatsa wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Gashi ya yi ja ya kakkarye. Ko ido ba ta buɗe sosai ba.

Ya zaro wata leda daga aljihu. Soyayyen burodi ne a ciki, da ɗuminsa.

Ya ce, "Anti, mun soya mata. Hajiya da bakinta ta ce a soya. Tun shekaranjiya muke ba ta, ta ƙi karɓa. Ki gwada, ke tana karɓa a hannunki."

Ya gutsuro ya kai bakinta. Ta kau da kai.

Ku da kuka yi karatun nan kun san dalili. In tamowa ta kai nan, yaro ya daina jin yunwa, cikinsa ma ba zai ɗauki irin wannan abinci ba, sai madara ta musamman da ake ba shi kaɗan-kaɗan, wani sa'in ta roba a hanci. Ihu bayan hari. Babu lokacin ɓatawa. Na rubuta takardar turawa, na fita titi da gudu na tare keke, na zauna kusa da Sakina har babban asibiti.

Allah Ya yi da sauran kwananta. Ta daɗe a kwance, amma ta tashi. Yanzu ta shiga makaranta, kuma in kun ga layinsu da safe, wadda ta fi kowa ƙanƙanta ita ce. Abin da jiki ya rasa a shekarun nan na farko ba duka yake dawowa ba. Uban har yau in mun haɗu sai ya rusuna ya gaishe ni, ni kuma ina amsawa, don iyayena sun koya min amsa gaisuwa.

To ga abin da nake so ku riƙe, 'ya'yana. A makaranta an koya muku abin da yaro zai ci, an koya muku yadda za ku yi wa uwa bayani. Uwa ba ita ce matsala ba, ita ta riga ku sanin ɗanta yana ramewa. Kafin ku kunna risho ku koya mata girki, ku tambaye ta wa ake fara zuba wa a gidan, kuma wa ke da ikon cewa a'a. Ku nemi waɗannan mutanen tun ranar farko, ku zaunar da su, ku sa musu hannun yaron a nasu hannun su ji da kansu. In ba ku yi haka ba, duk girkin da kuka koyar, ƙato kuke ciyarwa.