"Lafiya Lau" a Bakin Rijiya

Shekarun baya, lokacin da kuɗin mai suka fara isowa ƙauyuka, na yi aiki da masu haƙa rijiyoyin gwamnati a wajen Kebbe. Ni ke riƙe igiya, don ko leƙa rijiya na yi sai jiri ya ɗebe ni. Abokina ne mai shiga ciki.

Shugabanmu ɗan Tambuwal ne, yana da tsarinsa. Ba ya ɗaukar aiki gaba ɗaya. Sai ya tambayi mutanen gari abin da ya fi matsa musu, mu yanki ɗan guntu mu gama, mu nuna musu, su faɗi gyara, sannan mu yanki na gaba. Kowace safiya kuma sai mu yi da'ira a tsaye, ba zama, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, da wanda zai yi yau, da abin da ya tare shi. Tambayar ƙarshe ce ke ba mu wahala. Mu da ko zazzaɓi ke kaɗa mutum, lafiya lau zai ce.

Wata safiya rijiyar da muke haƙawa a garin Fakku ta yi zurfi, gari ya ƙagu ya ga ruwa. Da aka zo kan abokina sai ya ce lafiya lau, ya fara ɗaura igiya a ƙugu.

Shugaba ya ce, "Malam, ba gaisuwa nika yi ba. Mi yat tare ka?"

Abokina ya dakata da ɗaura igiyar. Can ya ce tun jiya yashi ke zubo masa a wuya daga gefe guda, amma yana jin kunya a ce tsoro ya ji.

Nan take aka canza aikin ranar, aka koma neman abin tokare bango. Dattawan gari suka yi ta guna-guni. Kafin azahar muka ji wani ƙugi daga ƙasa, bangon ya rufta. Igiyar na nan a hannuna, ba kowa a ƙarshenta. Na zauna daɓas.

Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Shi ya sa in na tambayi 'ya'yana suka ce lafiya lau, sai na sake tambaya. Suna cewa na cika naci. Abokina kuwa, da jikokinsa yanzu, bai taɓa ce mini haka ba.