Riɗin Barewa a Gefen Gonarmu

A shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano ina koyarwa a firamare a Kibiya, ina kuma noma tare da yayana a Fassi, a gonar da mahaifinmu ya bar mana. Yaya ne manomin gaske, ni sai Asabar da Lahadi nake kama fartanya. A lokacin ne 'yan kasuwa masu lodin amfanin gona zuwa Kano suka yi ta zuga mutane su rage gyaɗa su shuka riɗi, wai ana nemansa a ƙasashen waje. Muka ba riɗin rabin gona.

Ya fito da kyau har ya fara fure. Wata Asabar na tarar da Yaya tsugune a tsakiyar kunya. Ya tumɓuke tushe ɗaya ya miƙo min. Ganyen ya yi yaushi alhali ƙasa jiƙe take, gindin karan kuma ya yi baƙi. Da ya tsaga shi da farce sai ga wani gari a ciki kamar na gawayi.

"Malam," ya ce, don haka yake kirana duk da ni ne ƙarami, "ciwon nan daga Tarai ya taso. Makon jiya yana bayan rafi. Yau ga shi nan."

Kowace safiya sai a ga wani sabon wuri ya kwanta. Mutane suka daina tambayar juna labarin gona.

Bayan kamar kwana goma malamin gona ya zo daga Rano a kan babur, ɗauke da wani baƙo mai binciken iri. Baƙon bai daɗe a kan riɗin da ya mutu ba, sai ya nufi iyakar gona inda riɗin barewa yake, wato wani ɗan'uwan riɗi na daji da muke ɗauka ciyawa ce kawai. Yana nan tsaye kore shar, gefensa duk matattu.

Ya ce mana ciwon wata irin fumfuna ce da ke zaune cikin ƙasa, kuma tana iya kama wake da dawa. Na dajin ya daɗe yana zama da ita, ya saba. Idan aka yi barbarar furensa da na gida, wataƙila bayan shekaru a samu irin da zai jure. Ya roƙe mu kada mu sare su sai kwanson ya bushe, zai dawo ya ɗiba. Don kada a manta, ya ɗaure wa kowanne jan ƙyalle.

Jan ƙyallen nan ne ya jawo fitina. Kwana biyu da tafiyarsa gonar maƙwabcinmu ta kamu. Lokaci ne da ake yawan zargin duk abin da baƙo ya zo da shi, sai magana ta bazu cewa an ɗaura mana wani abu a gona. Wani dattijo da ake jin maganarsa ya ce shukar da ta ƙi mutuwa ita ce ke riƙe da ciwon tana rabawa.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, maza kusan ashirin suka biyo mu da adduna. Ba wanda ya ɗaga murya. Suka tsaya a bakin gona suna jiran Yaya. Shi kuma ya juyo gare ni.

"Malam, kai ka yi boko. Za ka rantse ba ita ke kawo shi ba?"

Na yarda da bayanin baƙon, amma ban san shi sanin da zan rantse a kai ba. Na dubi ƙasa. Yaya ya jira ni sosai, sannan ya karɓi adda ya fara sara da hannunsa. Aka tara su da ƙyallayen aka cinna wuta. Ɗanyu ne, sai hayaƙi mai kauri ya kwanta a kan gonar. Cikin hayaƙin na tsinki kwanso biyar na zura a aljihu.

Da baƙon ya dawo bayan kaka, ya tsaya yana kallon tokar. Na ja shi gefe na ba shi abin da na ɓoye. Ya fasa ɗaya a tafin hannunsa, 'ya'yan farare, a shanye.

"Ba su nuna ba, Malam. Ba za su tsiro ba."

Ya tambayi inda za a samu wasu. Na ce an bi gonakin Fassi duk an sare, sai dai ya gwada wajen duwatsun Zinyau. Shi da malamin gona suka hau babur suka tafi, ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Kafin damina ta zagayo aka mayar da ni wata makaranta a Rano. Yaya ya shuka wake a inda riɗin ya mutu. Ƙarshen watan Yuli ina tsakar darasi wani direban garinmu ya leƙo ta taga, ya ce Yaya ya ce in zo in ga waken, kada in jira Asabar.